Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Matasanmu, Wasan Gem da Maganar Linux

Yau maganar wasa za mu yi a shafin nan, amma ku gyara zama, don akwai kuɗi a ciki, akwai ilimi, akwai kuma tambayar wa ke da iko da na'urar da ke hannunka.

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni ya san ɗakunan gem. Shago ne ɗan ƙarami, telebijin biyu ko uku, benci, da manet ɗin da aka ɗaure wayarta da roba don ta gaji. Yara sun cika ƙofa, wanda ke da ƴan daloli ya zauna ya buga, wanda ba shi da su ya tsaya yana ba da shawara kamar shi ne koci. Haka abin yake a Malbaza da Galmi, haka yake a Illela da Badagishiri. A fada kuma, kafin shayi na biyu ya sauka, rabin mutane sun sunkuya kan salula suna harbi ko suna buga ƙwallo. Mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikin ƙannenmu ba a lakkwal suka fara taɓa na'ura ba. A ɗakin gem suka fara. Nan suka koyi karanta abin da ke kan allo, nan suka koyi haɗa waya da waya, nan suka fara jin kalmomin Faransanci da Ingilishi da malamin aji bai kai gare su ba tukuna.

Ra'ayina ke nan, kuma shi zan kare har ƙarshen rubutun: tunda wasa ne ƙofar da yaranmu ke bi su shiga duniyar kwamfuta, ya kamata mu sa wannan ƙofa ta buɗe kan manhajar da za su iya mallaka, su buɗe cikinta, su gyara, su raba wa juna ba tare da sun zama ɓarayi ba. Sunan manhajar Linux. Kuma lokacin yin maganar ya yi, saboda wani abu da ya faru nesa da mu amma zai sauka a kasuwarmu.

Abin da ya faru ran 14 ga Oktoba 2025

A wannan rana kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Kwamfutar ba ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, amma mizajur ɗin tsaro da ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi ya tsaya. An ba da ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoba 2026. Kamfanin ya ce a koma Windows 11. To amma Windows 11 na da sharuɗɗa: tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma son sabon furosesa, abin da ya bar mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 a waje. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan canji.

Ina kuke jin za su nufa? Mu da ke bakin iyaka mun san amsa. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka sauke, shi ke biyo jirgin ruwa ya zama okaziyo, ya ratso Kano da Sakkwato, ya tsallako Illelar Najeriya, ya zauna kan teburin mai saida kaya a Ƙonni. Kwamfutoci ne masu ƙarfi, da yawansu an ƙera su don aikin ofis na shekaru. Lafiyarsu lau. Laifinsu guda, wanda ya rubuta manhajar da ke kansu ya ce ya gama da su.

Me muke yi da irin waɗannan yanzu? Kowa ya sani. Mai gyara ya formate, ya ɗora Windows ɗin da aka fasa, ya zuba wasanni da aka fasa daga diskinsa, ya miƙa maka. Bayan wata biyu kwamfuta ta fara nauyi. Ka sa kile, duk fayilolinka sun koma rakursi, wannan birus ɗin da babu ɗalibi ko sakataren da bai sha wuyarsa ba. Ka koma wurin mai gyara, ya sake formate, ka sake biya. Ba na zargin masu gyara, abin da suka tarar ake yi ke nan, kuma da shi suke ciyar da gida. Amma mun mai da wannan zagaye kamar dole, alhali akwai wata hanya.

Mene ne Linux ɗin?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda muke ce wa sistem, ita ke tada na'ura ta kuma riƙe sauran manhajoji. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Linux wata ce. A 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta, ya sake ta ga duniya. Ta haɗu da aikin GNU da Richard Stallman ya faro a Amurka tun 1983. Lasisin da suka ɗora mata ya ba kowa izini huɗu: ka yi amfani da ita yadda ka so, ka karanta yadda aka rubuta ta, ka canza ta, ka raba wa wanda ka ga dama. Sharaɗin shi ne in ka canza ka raba, kai ma ka bar naka a buɗe.

Kada sunan ya ba ku tsoro, don kuna riƙe da ita a aljihu. Duk salular Android a kan zuciyar Linux take tafiya. Mafi yawan manyan na'urorin da ke riƙe da intanet su ma ita ce a kansu. Jandarmomin Faransa sun daɗe da mayar da dubban kwamfutocinsu kanta. Tana zuwa kala-kala: akwai Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa a 2004; akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows har wanda ya saba ba zai ɓata ba; akwai Emmabuntüs, wadda wasu ƴan sa-kai a Faransa suka shirya tun 2011 musamman don rayar da tsofaffin kwamfutoci, kuma da ita aka buɗe ɗakunan koyon kwamfuta a arewacin Togo. Linux Mint kusan giga 3 ce wurin saukewa. Mutum ɗaya ya sauke, garin duka ya kwafa, babu wanda ya karya doka.

"Ai Linux ba a gem da ita"

Wannan ita ce maganar farko da za ka ji daga bakin wanda ya ɗan san kwamfuta. Shekara goma sha biyar da suka wuce yana da gaskiya. Yau labarin ya canza, kuma ga yadda aka yi.

Tun 1993 wasu masu sa-kai ke gina wata manhaja mai suna Wine. Aikinta tafinta: wasan da aka rubuta don Windows yana magana, ita tana juya wa Linux maganar nan take. Shekaru da yawa tafintan na tuntuɓe. Sai kamfanin Valve, mai babbar kasuwar wasannin kwamfuta da ake kira Steam, ya shigo. A 2013 ya kawo Steam kan Linux. A Agusta 2018 ya fitar da Proton, wato Wine da aka ƙara wa ƙarfi aka saka cikin Steam, yadda ɗan wasa zai danna kawai wasa ya tashi. A Fabrairu 2022 kuma ya fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ke tafiya kan Linux. Daga ranar da kamfani ya fara saida na'urar da cinikinta ya dogara da wasanni su yi aiki a Linux, sai gyara ya riƙa zuwa da sauri. Yau dubban wasannin Windows na tashi a Linux, wasu ma ba za ka gane bambanci ba. Akwai shafin ProtonDB inda ƴan wasa ke rubuta wanne ya yi, wanne ya ƙi, da dabarar da suka bi. Akwai Lutris da Heroic masu taimaka wa wasannin da ba na Steam ba.

Duk da haka masu wasa a Linux ba su da yawa. A ƙididdigar Steam ta ƙarshen 2025 kimanin kashi 3 cikin 100 ne. Na kawo wannan adadi don kada wani ya ɗauka duniya duka ta ƙaura. Hanya dai ta buɗe, kuma mu muna da dalilin binta fiye da wanda ke iya sayen sabuwar kwamfuta duk shekara uku.

Abin da ba ta yi, mu faɗe shi tun yanzu

Wanda ya ɓoye maka aibin kaya ba ya son ka dawo. Akwai wasannin da ba sa tashi a Linux, kuma wasu cikinsu sanannu ne: Fortnite, Valorant, PUBG ta kwamfuta, da sababbin wasannin ƙwallon EA da suka gaji FIFA. Dalili shi ne manhajar kama masu maguɗi da kamfanonin ke sakawa, wadda ke son ta shiga can cikin zuciyar Windows ta zauna. Apex Legends ma da can yana yi, a Oktoba 2024 masu shi suka rufe ƙofar. In rayuwarka duka a ɗaya daga cikin waɗannan take, Linux kaɗai ba za ta ishe ka ba.

Na biyu, Linux ba ta mai da jaki doki. Kwamfutar ofis mai ƙaramin katin hoto ba za ta ɗauki sabon wasa mai nauyin giga 100 ba, ko da wane sistem ka sa mata. Proton na dogara da wata fasahar hoto mai suna Vulkan, kuma tsofaffin katuna ƙwarai ba su san ta ba. Katunan Intel da AMD yawanci suna aiki da zarar an girka, na Nvidia kuwa sai an ƙara musu direba.

Na uku, Steam kasuwa ce, kuma sayayya a cikinta na son katin banki ko wata hanyar biya ta intanet da yawancinmu ba mu da ita. Ko wasannin kyauta na cikinta, irin su Dota 2 da Counter-Strike 2, suna son rezo mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Wanda ke lissafin mega kafin ya buɗe bidiyo ya san wannan ba nasa ba ne tukuna.

To in haka ne, me ya rage mana? Abin da ya rage shi ne ya fi dacewa da mu.

Wasannin da suka san halin da muke ciki

Akwai wasanni da aka gina a buɗe kamar Linux kanta, kyauta, ba talla a ciki, ba a neman ka sayi komai, kuma ba sa neman koneksiyon kafin su tashi. SuperTuxKart tseren motoci ne, mutum huɗu na iya raba allo ɗaya kowa da manet ɗinsa, daidai da tsarin ɗakin gem. 0 A.D. wasan gina gari ne da shirya yaƙi, da daulolin zamanin da, ciki har da Kartaj ta arewacin Afirka da Kush ta bakin kogin Nilu. Battle for Wesnoth na masu son lissafi da haƙuri ne. Luanti, wanda da ake kira Minetest, gini ne da tubali kamar Minecraft, kuma bai fi wasu ƴan mega ba. Xonotic na masu son harbi da gudu. Ga ƙanana akwai GCompris, wanda wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a 2000, cike da wasannin haruffa, ƙidaya da riƙon linzami.

Ku lura da abu biyu. Na farko, ana iya haɗa kwamfuta huɗu ko shida da waya ko da ɗan ƙaramin ruta a ɗaki guda, a yi gasa har dare ba a ƙona mega ko ɗaya ba. Na biyu, kuran. Babbar kwamfutar gem tana shan wat ɗaruruwa, tsohuwar ta hannu kuwa cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 ce, panno da batir na ɗaukarta. A yankin da rana ba ta yi mana rowa, har aka kafa tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, wannan lissafi ne da mai ɗakin gem ya kamata ya zauna ya yi, ya kwatanta da kuɗin esans ɗin da gurup ke sha.

Masu son tsofaffin wasannin PlayStation 2 kuma, akwai manhajar kwaikwayo mai suna PCSX2, akwai kuma Batocera, wani nau'in Linux da ake sa wa a kile ya mai da kwamfuta na'urar wasa. Amma a nan dole in ja kunne: manhajar kwaikwayon halas ce, wasan da za ka zuba mata kuwa har yanzu mallakar kamfanin da ya yi shi ne. Linux ba ta wanke kayan sata. Kuma wasan da aka fasa, in yana ɗauke da mugun abu, yana iya yin ɓarna ko ta cikin Wine. Abin da ya tabbata shi ne birus ɗin rakursi da ire-irensa da aka rubuta don Windows ba sa kama Linux da kansu, har ma da ita ake share kilen da suka kama.

Wa ke da wasan?

Nan ne zuciyar maganar. A 2014 kamfanin Ubisoft ya fitar da wasan tsere mai suna The Crew. Mutane suka saya da kuɗinsu. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe na'urorin da wasan ke dogara da su, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, har wanda ke son ya yi shi shi kaɗai a ɗakinsa. Abin ya fusata ƴan wasa har suka tada gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Kafin wannan, a 2010, Sony ya aika mizajur da ya cire wa PlayStation 3 damar ɗaukar Linux, damar da aka saida na'urar da ita. Na'ura tana ɗakinka, kuɗinka ne ya saye ta, amma mabuɗin yana wata ƙasa.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan ba. A Agusta 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, an yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da ƙasar ke amfani da shi, aka kuma rufe iyakar da Ƙonni ke numfashi da ita. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar lokacin, ba ita ta kawo mu yau ba. Darasin dai kowa ya ɗauke shi a jikinsa: abin da makunninsa ke hannun wani, ranar da ya ga dama zai kashe. Kakanninmu sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara. In mun yarda da wannan a maganar wuta da abinci, ban ga dalilin da zai sa mu ƙi yarda da shi a maganar manhajar da ƴaƴanmu za su yi rayuwarsu a kanta ba.

Ku dubi dara. Gurbi talatin a ƙasa, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, wani da tsinke wani da dutse. Babu wanda ya taɓa biyan lasisi kafin ya haƙa gurbi, babu wanda zai aiko daga nesa ya ce daga yau an rufe dara. Kowa ya san dokarta, gari da gari ma sukan ɗan bambanta, kuma shi ya sa ta rayu har ta iso mu. Manhaja buɗaɗɗiya ita ce ta fi kusa da wannan a duniyar kwamfuta.

Ga iyayenmu da malamanmu

Na san abin da wasunku za su ce: yaran da muke fama su yi karatu, ku kuma kuna ƙara musu gem? Damuwarku tana da tushe. Akwai yaron da ke gudun aji ya wuni a ɗakin wasa, akwai wanda ke ɗaukar kuɗin cefane, akwai wanda sallah ke wuce shi manet na hannunsa. Wannan sai an sa ido, kuma mai ɗakin gem da ke karɓar yaro da rigar lakkwal da ƙarfe goma na safe ya san bai kyauta ba.

Amma ina roƙon ku bambanta abu biyu da ake haɗawa. Wasa daban, caca daban. Abin da ke cinye kuɗin samari a yau ya fi yawa a cacar ƙwallo ta salula, da wasannin da aka gina musamman don su riƙa tatsar mai yi: ka sayi akwati ba ka san abin da ke ciki ba, ka sake saya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni caca ce. Wasannin buɗaɗɗu da na lissafa a sama babu wannan a cikinsu, domin waɗanda suka rubuta su ba kuɗin yaro suke nema ba.

Hani kaɗai kuma bai taɓa raba yaro da wasa ba, sai dai ya koya masa ɓuya. Abin da ya fi shi ne a juya sha'awar. Yaron da ke wasa a Linux, ran da wani abu ya ƙi tashi, zai nemi dalili. Zai buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya karanta, ya gwada. A Luanti zai iya buɗe fayil ya canza dokar wasan da wani sauƙaƙan harshen kwamfuta mai suna Lua, ya ga canjin da idonsa. Daga nan zuwa Godot taki ɗaya ne. Godot manhajar ƙera wasanni ce da wasu ƴan Ajantina biyu suka fara, suka sake ta kyauta a 2014, ba ta da nauyi, kuma tana tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Ilimin da ake samu a wannan hanya shi ne wanda bankuna, kamfanonin sadarwa da ma'aikatu ke nema wurin masu kula da na'urorinsu, tunda mafi yawan manyan na'urorin a kan Linux suke.

Kada a ce wannan sai Turawa. A Yawunde ta Kamaru, matasan Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasan da ya shiga kasuwar duniya da labari da tufafin Afirka, kuma sun yi shi ne cikin ɗaukewar wuta irin tamu. A Yamai an ƙera Les Héros du Sahel. A Najeriya an taɓa fitar da Wazobia Linux mai magana da Hausa, Yarbanci da Ibo. Wasannin buɗaɗɗu kuwa masu sa-kai ne ke fassara su, ba a neman izinin kowa. Ɗaliban lise biyar masu Hausa mai kyau da Faransanci za su iya zama a hutu su fara mai da ɗaya daga cikinsu Hausa. Kuma ban ga abin da zai hana wata rana a yi wasan da ake noman albasar Galmi a ciki, a yi lissafin ruwa da taki da farashi, ko wasan kokawa da filinsa da makaɗansa. In ba mu yi ba, babu kamfanin da zai yi mana, don ba mu cikin lissafin kasuwarsa.

Abin da muke nema

Ga masu gyaran kwamfuta da salula na Ƙonni, Malbaza da Illela: ku ne kan gaba. Ku ajiye kile ɗaya mai Linux Mint ko Emmabuntüs. Tana tashi daga kilen kai tsaye ba tare da an goge komai ba, mai kaya ya gani da idonsa kafin ya yanke shawara. Ana kuma iya ajiye sistem biyu a kwamfuta ɗaya, mutum ya zaɓa lokacin kunnawa. Kada ku ji tsoron cinikin formate zai ragu. Wanda ya fara iya wannan aiki a gari, shi za a riƙa nema.

Ga masu ɗakunan gem: ba mu ce ku jefar da PlayStation ba, mun san ƙwallo ce ke kawo ciniki. Ku gwada kwamfuta ɗaya a gefe. Ku sa gasar SuperTuxKart ranar Lahadi, ku ga ko yara za su zo. Ku kuma ba ƴan mata lokaci nasu, don kusan duk ɗakunan nan maza ne ke cika su, kuma ƙofar da muke magana a kai bai kamata ta zama ta maza kaɗai ba.

Ga magadan gari, shugabannin makarantu da masu kula da gidajen matasa: ofisoshi da yawa na da ɗakin da aka jibge kwamfutocin da aka ce sun mutu. A buɗe ɗakin, a tantance. Wadda diski ko RAM kawai take so, a gyara ta, a goge bayanan aiki da ke kanta, a ɗora Linux, a kai ta inda yara za su taɓa. Duk ƙungiyar da ta zo da kyautar kwamfutoci kuma, a tambaye ta wane sistem ke kai, lasisin na wane ne, kuma wa zai kula da su bayan an gama ɗaukar hoto.

Ga ɗalibanmu da ke Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sauran manyan makarantu: in kun dawo hutu, ku zo da kile cike. Rana ɗaya a gidan matasa, kowa ya kawo kwamfutarsa, a kwafe masa fayilolinsa tukuna, a girka, a yi wasa, a sha shayi. A ƙasashe da yawa haka Linux ta yaɗu, hannu da hannu.

Ga ku kuma ƴan fada, masu karanta wannan a salula: ba sai kowa na da kwamfuta ba. Fada ɗaya, kwamfuta ɗaya ta okaziyo, manet biyu, ya isa a fara. Kuɗin da ake haɗawa na shayi da sukari ya nuna mun iya haɗa kuɗi in muna son abu.

Kwamfutocin nan suna tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Wasu za su ƙare a bola a bayan gari, yara na fasa su suna neman jan ƙarfe. Wasu za su yi wata shida da Windows ɗin da aka fasa kafin birus ya gama da su. Muna so kaso mai yawa ya faɗa hannun yaran da za su yi wasa da su, su buɗe cikinsu, su koyi yadda aka yi su. Duk mai gyara, malami ko ɗalibin da ya riga ya iya girka Linux a Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Dogerawa, Galmi, Illela ko Badagishiri, ya yi mana magana, mu san juna, mu sa ranar haɗuwa ta farko. Allah ya ba mu sa'a.